Frank Anthony (1908-1993): Jagoran Ruwa-Biyun Indiya a Lokacin Miƙa Mulki

GABATARWA

Duk ƙasar da mulkin mallaka ya daɗe a cikinta, ba ya tashi sai ya bar baya da ƙura. Daga cikin abubuwan da yakan bari har da wata ƙaramar al'umma wadda ta samu ta hanyar auratayya tsakanin baƙin da suka zo mulki da 'yan ƙasa. Muddin baƙin nan suna riƙe da ragama, irin wannan al'umma takan sami inuwar da za ta raɓa. Amma ranar da aka ce za a sauke tuta a ɗaga wata, sai tambayar da aka daɗe ana kauce mata ta taso, watau su waɗannan mutane da wa suke, da masu tafiya ko da masu zama. Haka ta faru ga mutanen da ake kira Anglo-Indiyawa, ruwa-biyun Turai da Indiya, sa'ad da Turawan Ingila suka miƙa mulki cikin shekarar 1947. Wanda nauyin amsa wannan tambaya ya faɗa a wuyansa shi ne wani lauya mai suna Frank Anthony. Wannan maƙala za ta bi tarihin rayuwarsa a taƙaice, ta duba amsar da ya bayar da kuma abin da amsar ta haifar wa jama'arsa.

ASALIN JAMA'ARSA

Ba za a fahimci Anthony ba sai an san tushen mutanen da ya fito daga cikinsu. Turawan Fotugal ne suka fara auren matan Indiya bayan sun kama Goa a 1510. Daga baya kamfanin cinikin Ingila da aka kafa a 1600 don hulɗa da ƙasashen gabas ya bi sahunsu, domin ma'aikatansa da sojojinsa maza ne zalla, tafiya zuwa gida kuwa ta watanni ce a teku. Cikin 1687 shugabannin kamfanin a Landan suka rubuta wa wakilansu na Madras cewa a ƙarfafa wa sojoji gwiwa su auri matan ƙasar, har aka yanka kyautar tsabar zinariya guda ga kowace uwa ranar da aka yi wa jaririnta baftisma. 'Ya'yan da aka samu ta wannan hanya suka tashi Kirista, suna magana da Ingilishi, suka kuma yi wa kamfanin aiki a fagen yaƙi da ofis.

Da yawansu ya ƙaru, sai kamfanin ya soma tsoronsu. A 1786 aka hana marayunsu da ke wata makaranta a Kalkata tafiya Ingila ƙaro ilmi. A 1791 aka toshe musu manyan muƙaman kamfanin, sa'an nan a 1795 aka hana su shiga soja sai dai a matsayin masu busa, makaɗa, ko masu yi wa dawaki takalmi. Cikin 1830 wani daga cikinsu, John Ricketts, ya ɗauki takardar kukansu har gaban Majalisar Dokokin Ingila. Babban abin da takardar ta ƙunsa shi ne doka ba ta san matsayinsu ba: ba a lissafa su cikin Turawa, dokokin aure da gado na Hindu da na Musulmi kuma ba su shafe su ba.

Zuwan jirgin ƙasa a 1853 da tawayen 1857, inda suka tsaya a bayan Turawa, su suka sake musu matsayi. Gwamnati ta riƙa ba su matsakaitan ayyuka a reluwe, gidan waya, kwastan da 'yan sanda. Matansu kuwa suka yi fice a aikin jinya, koyarwa da buga tafireta. Aka gina musu unguwanni a manyan tashoshi, da coci da makaranta da gidan rawa. Duk da haka Bature bai yarda su shiga kulob ɗinsa ba, Ba'indiye kuma yana yi musu kallon 'yan koren mai mulki. Da yawa daga cikinsu suna kiran Ingila gida alhali ko a mafarki ba su taɓa taka ta ba. Zamansu ya zama irin na jemage, tsuntsaye ba su karɓe shi ba, dabbobi kuma ba su ce nasu ne ba. Sunan Anglo-Indiya ma sai a ƙidayar 1911 gwamnati ta tabbatar musu da shi.

HAIHUWARSA DA KARATUNSA

An haifi Frank Anthony ran 25 ga Satumba 1908 a Jabalpur, wani babban gari mai mahaɗar hanyoyin jirgin ƙasa a tsakiyar Indiya, wanda yanzu yake cikin jihar Madhya Pradesh. Ya yi digirinsa a ƙarƙashin Jami'ar Nagpur, daga nan ya wuce Landan ya karanta shari'a a Inner Temple, ɗaya daga cikin zaurukan horar da lauyoyi guda huɗu na Ingila. Da ya komo gida sai ya kama aikin lauya, ya yi suna wajen kare waɗanda ake tuhuma da manyan laifuffuka.

Wannan sana'a ta bambanta shi da yawancin jama'arsa. Su ma'aikatan gwamnati ne, abincinsu yana hannun Bature, saboda haka bakinsu a ɗaure yake. Shi kuwa mai zaman kansa ne, kullum yana cuɗanya da lauyoyi da alƙalai Indiyawa, waɗanda daga cikinsu ne jam'iyyar Congress mai neman 'yancin kai ta samo yawancin shugabanninta. Ta haka ya gane da wuri cewa mulkin Ingila ya kusa ƙarewa.

HAWANSA SHUGABANCI

Kafin Anthony, jagoran al'ummar shi ne Sir Henry Gidney, likitan ido kuma tsohon hafsan soja, wanda ya haɗa ƙungiyoyinsu wuri guda a 1926, ya kuma wakilce su a tarurrukan tsarin mulki da aka yi a Landan daga 1930 zuwa 1932. Dabarar Gidney ita ce tuna wa Ingila cewa ita ta haifi wannan al'umma, don haka wajibi ne ta kare ta. Dabarar ta yi amfani har aka sami kujeru a majalisu da kason ayyuka a dokar mulkin Indiya ta 1935. Amma a 1942, da Sir Stafford Cripps ya zo da tayin Ingila game da makomar ƙasar, sai aka ga ba a tanadi wani gurbi na musamman domin Anglo-Indiyawa ba. Gidney ya rasu cikin watan Mayu na shekarar, aka zaɓi Anthony ya gaje shi a shugabancin Ƙungiyar Anglo-Indiyawa ta Ƙasa Baki Ɗaya, ya kuma shiga Majalisar Dokoki ta Tsakiya a Delhi. A lokacin bai cika shekara 34 ba.

Ya hau kujerar a mawuyacin lokaci. A watan Agusta na 1942 Gandhi ya yi kira ga Turawa su fice daga Indiya, tarzoma ta ɓarke, aka riƙa tumɓuke hanyoyin jirgi ana yanke wayoyi. Ma'aikatan reluwe Anglo-Indiyawa kuwa dole ne su kasance cikin rundunar sa-kai da gwamnati ke amfani da ita wajen tsaron hanyoyin da murƙushe yajin aiki. Masu iya magana sun ce zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa. Fushin talakawa ya fi sauka a kan ɗan ruwa-biyun da suka gani da bindiga a tasha, fiye da Baturen da ya ba shi umurni daga ofis.

Yawansu kuma bai taka kara ya karya ba. Ƙidayar 1941 ta nuna kimanin 140,000 ne a cikin jama'a wajen miliyan 389, ko da yake Anthony ya yi ta jayayya cewa sun kai 250,000 ko fiye, domin da yawa sun rubuta kansu a matsayin Turawa. Ko wane lissafi aka ɗauka, babu mazaɓa ɗaya da za su iya ci da ƙuri'unsu.

AMSAR DA YA BAYAR

Hanyoyin da ke gaban jama'ar a lokacin sanannu ne. Wasu suna ganin ba abin da ya rage sai ƙaura zuwa Ingila. Wasu suna son a keɓe musu yanki nasu, kamar yadda wani ɗan kasuwar Kalkata, Ernest McCluskie, ya gwada a 1933 da ya kafa garin McCluskieganj a tsaunukan Chota Nagpur, inda iyalai suka sayi filaye don su koma noma. Gwajin bai yi ƙarko ba, domin mutanen birni ne da ba su saba da fartanya ba.

Anthony ya ƙi hanyoyin nan duka biyu. Tun jawabansa na farko ya gaya wa jama'arsa cewa Anglo-Indiya sunan al'ummarsu ne, amma ƙasarsu Indiya ce, ba su da wata. Ya ce su riƙe harshensu da addininsu da al'adunsu da kyau, kamar yadda Farisawan Bombai da Sikh suka riƙe nasu, su kuma daina kiran wata ƙasa gida. A ganinsa gwargwadon amanar da suka riƙe wa Indiya, gwargwadon yadda Indiya za ta riƙe tasu. Wannan magana ba ta yi wa kowa daɗi ba. Akwai dattawan da suka ɗauke ta cin amanar Sarkin Ingila, akwai kuma waɗanda suka ga ya sayar da su ga Congress.

Abin da ya biyo baya ya ƙarfafa hujjarsa. Cikin 1946 tawagar ministocin Ingila ta tsara yadda za a zaɓi majalisar da za ta rubuta tsarin mulki, ta kasa jama'a gida uku: Musulmi, Sikh, da sauran jama'a. Anglo-Indiyawa suka narke cikin kashi na uku ba tare da kujera ko ɗaya tasu ba. Anthony ya juya ga Gandhi da Nehru da Vallabhbhai Patel, Congress kuwa ta ba su kujeru uku daga cikin kasonta. A shekarar nan aka sa shi cikin tawagar Indiya zuwa Majalisar Ɗinkin Duniya a ƙarƙashin Vijaya Lakshmi Pandit, tawagar da ta kai ƙarar Afirka ta Kudu kan wariyar da ake yi wa Indiyawa a can. Ran 9 ga Disamba 1946, da majalisar tsarin mulki ta yi zamanta na farko, shugabanta na riƙo Sachchidananda Sinha, wanda tsufa da rashin lafiya suka hana shi dogon zama, ya naɗa Anthony mataimakinsa.

Anthony bai goyi bayan raba ƙasar ba, domin yana ganin rabuwar za ta cuci ƙananan al'ummu a ɓangarorin biyu. Rabuwar ta tsaga jama'arsa ma: jagoransu na Punjab, C. E. Gibbon, ya bi Pakistan, har daga baya ya zama mataimakin shugaban majalisar can.

ABIN DA YA SAMO A TSARIN MULKI

Indiya ta sami 'yancin kai ran 15 ga Agusta 1947, tsarin mulkinta kuma ya fara aiki ran 26 ga Janairu 1950. A kwamitin ƙananan al'ummu da Patel ya shugabanta ne Anthony ya yi babban aikinsa. Majalisar ta soke keɓe kujeru bisa addini, har na Musulmi da Sikh da Kirista, amma ta bar wa wannan 'yar ƙaramar al'umma tanadi nata. Sashe na 331 ya ba Shugaban Ƙasa ikon naɗa Anglo-Indiyawa biyu a Majalisar Wakilai idan ya ga ba su da isasshen wakilci, sashe na 333 kuma ya ba gwamnonin jihohi irin wannan iko a majalisunsu. Sashe na 336 ya ci gaba da keɓe musu ayyuka a reluwe, kwastan da gidan waya, amma a riƙa rage kashi goma cikin ɗari duk shekara biyu, a rufe bayan shekara goma. Sashe na 337 ya bar wa makarantunsu tallafin gwamnati na shekara goma, shi ma yana raguwa, bisa sharaɗin cewa aƙalla kashi 40 cikin ɗari na ɗaliban da ake ɗauka kowace shekara su fito daga wasu al'ummu.

Sashe na 366 ya fayyace wane ne Ba'anglo-Indiye: wanda ubansa ko wani kakansa ta wajen uba Bature ne, shi kuma an haife shi a Indiya, iyayensa mazauna ƙasar ne na dindindin. Abin lura a nan shi ne dangantaka ta wajen uwa ba ta shiga lissafi, kuma an ce Bature ne kawai, ba a ce sai Baturen Ingila ba. Wannan batu na biyu ya zo ya zama sanadin rigima.

Duk wannan tanadi bai tsayar da ƙaura ba. Dubban iyalai sun tafi Ingila a ƙarshen shekarun 1940 da cikin na 1950, kafin dokar shige da fice ta 1962 ta ƙuntata hanyar. Daga baya wasu suka nufi Kanada da Ostareliya, bayan Ostareliya ta sassauta manufarta ta karɓar fararen fata kaɗai. Anthony ya yi ta gargaɗin cewa kowa ya bar gida, gida ya bar shi, kuma wanda ya raina zama Ba'indiye zai je Ingila ya tarar can ma baƙar fata ake ɗaukarsa. Yawancin waɗanda suka tafi masu ilmi da sana'a ne, watau waɗanda ƙungiyarsa ta fi bukata.

HARSHE DA MAKARANTU

Da yake kason ayyuka mai ƙarewa ne, Anthony ya ga cewa abin da zai riƙe al'ummar shi ne harshenta, harshe kuwa ba ya rayuwa sai da makaranta. Tsarin mulki ya mai da Hindi harshen gwamnatin tarayya, ya ba Ingilishi wa'adin shekara 15 kacal, watau zuwa 1965. Cikin 1954 gwamnatin jihar Bombai ta ba da umurni cewa makarantun da ke koyarwa da Ingilishi kada su ɗauki kowa sai Anglo-Indiyawa da waɗanda asalinsu ba na Asiya ba ne. Da umurnin ya tabbata, da makarantun sun rasa ɗalibai, sun kuma karya sharaɗin kashi 40. Aka kai magana kotu a kan makarantar Barnes da ke Deolali, Kotun Ƙoli kuma ta soke umurnin a shekarar.

Cikin 1959 ya gabatar da ƙudiri a Majalisar Wakilai cewa a sa Ingilishi cikin jerin harsunan ƙasa da tsarin mulki ya lissafa. Hujjarsa ita ce harshen da wata al'ummar Indiya ta sha a nono ba za a kira shi baƙo ba. Ƙudirin bai wuce ba, har yanzu kuma Ingilishi ba ya cikin jerin. Amma a muhawarar ne, ran 7 ga Agusta 1959, Firayim Minista Nehru ya yi alkawarin cewa Ingilishi zai ci gaba da aiki tare da Hindi muddin mutanen da ba Hindi ne harshensu ba suna so. Dokar harsunan gwamnati ta 1963, da gyaran da aka yi mata a 1967 bayan tarzomar Madras ta 1965, sun tabbatar da wannan alkawari. A nan bukatar 'yar ƙaramar al'umma ta dace da ta miliyoyin mutanen kudu, irin su Tamil, waɗanda ke tsoron danniyar Hindi.

A 1958 ya jagoranci kafa hukumar jarrabawa da ta maye gurbin jarrabawar Kambirij a makarantun Ingilishi na Indiya, shi ne kuma shugabanta na farko, tare da abokin aikinsa A. E. T. Barrow a matsayin sakatare. Ya kafa makarantu masu ɗauke da sunansa a Delhi a 1959, Kalkata a 1965, da Bangalore a 1967. A 1969 ya buga littafinsa mai suna Britain's Betrayal in India, wanda ya ba da tarihin al'ummar, sunan kuma yana nuni da cin amanar da yake ganin Birtaniya ta yi musu.

SUKAN DA AKA YI MASA

Ba a rasa abin faɗa game da shi ba. Na farko, ya riƙe ƙungiyar fiye da shekara hamsin, bai kuwa cika jure wa mai ja da shi ba. Na biyu, kujerarsa ta naɗi ce, don haka tana hannun jam'iyyar da ke mulki. Ya zauna a Majalisar Wakilai daga 1952 har rasuwarsa, in ban da majalisar 1977 da ta 1989, lokutan da Congress ta faɗi zaɓe. Kusancinsa da gidan Nehru ya kai har shi ne lauyan Indira Gandhi a gaban hukumar Shah, wadda ta binciki abubuwan da aka yi a dokar-ta-ɓaci ta 1975 zuwa 1977.

Na uku, wanda ya fi nauyi, shi ne yadda ya ƙuntata ma'anar al'ummar. A gaɓar tekun Kerala akwai zuriyar Turawan Fotugal, yawancinsu talakawa masu magana da Malayalam. Bisa lafazin sashe na 366 sun cancanci sunan, amma Anthony ya ƙi karɓarsu, yana cewa wanda Ingilishi ba harshen gidansa ba ne ba ya cikinsu. Ya kuma ƙi yarda a lissafa Anglo-Indiyawa cikin al'ummun da aka bari a baya, abin da zai buɗe wa matalautansu ƙofar tallafi. Masu sukarsa suka ce mutumin da ya yi kukan wariyar Bature ya juyo ya gina irinta a cikin gidansa, kuma ya fifita martabar masu hali a kan cikin marasa hali na lungunan Kalkata da Madras. Shekaru bayan rasuwarsa, a 2009, aka naɗa Charles Dias, mutumin Kerala, a ɗaya daga cikin kujerun biyu.

RASUWARSA DA ABIN DA YA BIYO BAYA

Frank Anthony ya rasu ran 3 ga Disamba 1993 yana da shekara 85, yana kuma ɗan majalisa. Ya rayu har ya ga waɗanda suka zauna sun kai inda ba su kai ba a zamanin Turawa. Leslie Claudius ya ci wa Indiya lambobin zinariya uku a wasan hoki na Olamfik a 1948, 1952 da 1956. 'Yan'uwa biyu matuƙan jiragen yaƙi, Trevor da Denzil Keelor, sun sami lambar jarumtaka a yaƙin 1965. Denis La Fontaine kuwa ya shugabanci rundunar sojan sama daga 1985 zuwa 1988.

Kujerun naɗi, waɗanda aka tsara su na shekara goma, an yi ta sabunta su har shekara saba'in. A watan Disamba na 2019 majalisa ta zartar da gyara na 104 ga tsarin mulki, wanda ya bar wa'adinsu ya ƙare a Janairu 2020. Ministan shari'a ya kafa hujja da ƙidayar 2011, wadda ya ce ta nuna Anglo-Indiyawa 296 kaɗai, adadin da ƙungiyoyinsu suka ƙaryata da babbar murya.

KAMMALAWA

Idan aka auna aikin Anthony da yawan waɗanda ya hana ƙaura, to bai yi nasara ba, domin zuriyar jama'arsa ta watsu a Ingila, Kanada da Ostareliya. Idan kuwa aka auna shi da halin da ya tarar da su a 1942, ana yi musu kallon barorin mai mulkin da ke shirin tafiya, to ya fitar da su kunya, domin ya sa tsarin mulkin sabuwar ƙasa ya ambace su da suna a matsayin 'ya'yanta. Kason ayyuka ya ƙare a 1960, kujeru sun ƙare a 2020, amma makarantun da hukumar jarrabawar suna nan, yawancin ɗalibansu kuma ba Anglo-Indiyawa ba ne. Ga mai nazarin harshe, tarihinsa yana nuna yadda harshe kan zama katangar da ƙaramar al'umma ke fakewa a bayanta idan mulki ya sake hannu, yana kuma nuna cewa katangar nan takan bar wasu 'yan gida a waje, kamar yadda ta bar mutanen Kerala.